Wuta a ƙarƙashin toka: tsohon lissafin Damargu da maɓallin kwamfuta

Matafiyin da ya baro Damagaram da dare ya kama hanyar Tanut, kafin ya ci kilomita sittin zai hango wani harshen wuta yana kaɗawa a bisa dogon bututu, daura da Bakin Birji. Wutar matatar mai ta SORAZ ce, wadda aka buɗe ranar 28 ga Nuwamba 2011 a cikin ƙasar Ollelewa. An gina ta don ta riƙa tace ganga 20,000 a rana, ana turo mata ɗanyen mai daga rijiyoyin Agadem ta bututun da ya haura kilomita 460, kamfanin CNPC na ƙasar Sin yana da kashi 60 cikin ɗari, gwamnatin Nijar tana da 40. Wutar nan ba ta san dare ba, ba ta san rana ba. Amma a ƙauyuka da rugagen da ke hango haskenta daga nesa, magidanci yakan kashe salularsa kafin ya kwanta, don cajin ya kai shi ranar kasuwa. Wuta biyu ke nan a ƙasa ɗaya, wadda ba a yarda ta mutu da wadda ba a yarda ta kwana tana ci, kuma masu su duka suna da gaskiya. Abin da ya raba su lissafi ne, tsohon lissafin da mutanen Damargu ke yi tun kafin ashana ta iso: me barin wuta da rai yake ci, wace wahala za a sha in ta mutu, kuma wa ya ba ka tabbacin makamashin gobe. Yau tambayar ta koma cikin kwamfutar sakataren ƙaramar hukuma da ta ma'aikacin asibiti da ta ɗalibi, a wurin nan da ake zaɓar ko a sa ta barci, ko dogon barci, ko a kashe ta ɗungum. Ra'ayina shi ne, in aka auna da mudun Damargu, zaɓin da masu ƙera kwamfuta suka ɓoye shi ya fi dacewa da ƙasar nan, wanda suka sa a gaba kuwa don wuyan wasu aka yanka rigarsa.

Sai an san irin ƙasar kafin a gane lissafin. Damargu, wato yankin Tanut da Belbeji na yau, tana bakin iyakar noma ne. Daga ita sai makiyaya, daga makiyaya sai hamada. Har dokar da gwamnatin Nijar ta yi a 1961 don shata inda noman damina zai tsaya daga arewa, ta wannan sashe layinta ya bi. Duk da haka ita ce rumbun Abzin. A Janairun 1851 matafiyi Heinrich Barth ya sauko cikinta tare da ayarin gishiri na Abzinawan Kel Ewey, a Tagelel ne ma abokin tafiyarsa Richardson ya rabu da su ya nufi Damagaram, shi kuma ya bi ta Tasawa zuwa Katsina da Kano. Abin da ya tarar shi ne ƙasar da manyan Abzinawa ke da gandaye da bayi da barori a cikinta, ana noma gero ana ɗora wa raƙuma zuwa duwatsun Abzin, daga can wani kaso ya wuce Fachi da Bilma a musanya shi da gishiri da dabino. Ƙasar da ruwanta ba shi da tabbas, ga ta kuma da nauyin ciyar da wasu, dole ta zama gwanar ajiya. Mai hankali a Damargu ba ya auna arzikinsa da daminar bana, da dammunan da ke cikin rumbu yake aunawa, gero a zangarniyarsa, wanda a busasshiyar ƙasa irin wannan yakan yi shekaru bai lalace ba. Makamashi ma bai tsira daga wannan tsumulmula ba. Itace ba shi da yawa, kara kuma masu nemansa sun yi masa yawa: da shi ake danni, da shi ake rufi, shi dabbobi ke ci da rani. Abin da ke isa murhu sai ƙirare da ragowar kara da busasshen kashin shanu da na raƙuma.

Kafin ashana ta zama abin da ake aiken yaro ya sayo da canji, tayar da sabuwar wuta aiki ne. Ƙyastu ake yi: ƙarfen da maƙeri ya ƙera, da dutse mai tauri, da ɗan abduga, a yi ta bugawa har tartsatsi ya kama, a hura a hankali, a ciyar da shi da busasshiyar ciyawa. Da damina, in danshi ya taɓa abdugar, sai an daɗe ana fama. Shi ya sa uwargida ba ta son murhu ya mutu. In an sauke tuwon dare sai ta tattara garwashin wuri ɗaya, ta tura masa guntun itace mai ƙarfi ko dunƙulen kashin shanu, ta lulluɓe da toka. Tokar tana rage iskar da ke isa gare shi, garwashin ya yi ta ci a hankali, da asuba a tone a hura, wuta ta tashi. In aka yi rashin sa'a ta mutu, sai a aiki yarinya da kasko gidan maƙwabta ta ɗebo, tana sauri kada ta mutu a hanya. Har yau baƙon da ya ƙi zama akan tambaye shi ko ɗibar wuta ya zo yi. Amma a lura da iyakar dabarar. Garwashin da aka binne yana raye ne saboda yana cin kansa. Dare ɗaya zai kai, da ƙyar ya kai biyu. Babu matar da za ta tafi biki wani gari na kwana bakwai ta binne wuta tana sa ran tarar da ita, babu kuma madugun da zai tashi daga zango ya bar garwashi don dawowar baɗi. Mai doguwar tafiya kashewa yake yi, ya rataya ƙyastunsa. Abin da yake so ya tarar yadda ya bar shi kuwa, ba ya ba wuta amanarsa. Rumbu yake ba, inda iri ke kwanciya wata takwas ko tara bai ci komai ba, ruwan farko ya tashe shi.

Addini ma ya sa baki a maganar, kuma ya fi karkata ga kashewa. A cikin Bukhari da Muslim akwai labarin gidan da ya ƙone da mutanensa cikin dare a Madina, Manzon Allah (SAW) ya yi umarni da a riƙa kashe wuta in za a kwanta. Akwai kuma gargaɗi a kan ɓera da ke jan lagwanin fitila ya cinna wa gida. Duk wanda ya san yadda gobara ke lashe garin zana da kara a lokacin hunturu, ga rumbuna jere kusa da ɗakuna, ba ya bukatar dogon sharhi. Sai dai malamai, irin su Imam Nawawi a sharhinsa na Muslim, sun bayyana cewa dalilin umarnin tsoron gobara ne, inda aka amince daga cutarwa ba a ganin laifi. Al'ada ta zauna a tsakiya: harshen wuta a kashe, aci-balbal a hure ta, garwashi kuwa a binne shi yadda iska ba za ta same shi ba. Wato tun wancan zamani an san wutar da aka bari da rai tana karɓar haraji biyu, makamashin da take ci da haɗarin da take ɗauke da shi alhali mai ita yana minshari. Za mu sake gamuwa da su biyun a cikin jakar kwamfuta.

Abin da ya fara rushe al'adar binne wuta daga kudu ya taho. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, fataucin hamada ya durƙushe, kayan kanti suka riƙa haurowa ta Kano da Damagaram maimakon su sauko ta Tarabulus da Agadas. A cikinsu akwai ashana da kananzir da fitilar ƙwai. Da tsinke ɗaya ya iya yin aikin ƙyastu cikin ƙiftawar ido, sai lissafin ya juya: tunda tayarwa ta yi sauƙi, ciyar da garwashi dare guda ya zama asara, kashewa ta fi riba. Wannan ita ce ƙa'idar da ke ƙarƙashin komai, kuma daga baya batir ya ƙara kaifinta. Rediyon Nijar ya fara watsa shiri a 1958, a farkon shekarun 1960 aka kafa ƙungiyoyin sauraren rediyo a karkara, ƙaramin akwatin rediyo mai batir ya shiga aljihun makiyayi da kan tabarmar mai gari. Tare da shi da tocila aka koyi sababbin dabaru: a juya batir ɗaya a cikin tocila ko a sa takarda a tsakani don kada ta kunna kanta a jaka, a ciro na rediyo da zarar an gama jin labarai, a shanya wanda ya raunana a rana. Shanyawar ba ta ƙara masa komai sai ɗan kuzari na ɗan lokaci, amma cirewar hikima ce ta gaske. Da Najeriya ta rufe iyakokinta a Afrilun 1984, daidai da shekarar farin da mutanen Nijar suka laƙaba wa yunwarta suna El-Buhari, Damargu ta ga da idonta cewa abin da ake dogaro da shi daga nesa, hatsi ne ko kananzir, ana iya wayar gari an tsinke igiyarsa.

Lantarki bai sauya wannan darasi ba, maimaita shi ya yi. An kafa kamfanin lantarki na NIGELEC a 1968. A 1976 aka jawo layi daga Kainji ta Birnin Kebbi zuwa Yamai, a shekarun 1990 aka jawo wani daga Katsina ta Gazawa ya raba wa Maraɗi da Damagaram. Kafin juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, kusan kashi 70 cikin ɗari na wutar da Nijar ke sha daga Najeriya take zuwa. A farkon Agusta aka yanke ta saboda takunkumin ECOWAS, ba a maido ba sai a Maris na 2024. Wannan ma labarin waɗanda waya ta kai gare su ke nan, domin a ƙasar baki ɗaya kusan mutum ɗaya ne cikin biyar ke da lantarki, a karkara kuwa da ƙyar a sami ɗaya cikin goma. Sauran jama'a, tun da salula ta shigo a farkon shekarun 2000, sun dogara ne da mai caji a kasuwa da janaretarsa, sai kuma faifan sola a kan rufi. Nijar ba baƙuwa ba ce ga wutar rana: tun 1965 ta kafa ofishin makamashin rana na ONERSOL, wanda Farfesa Abdou Moumouni ya shugabanta shekaru masu yawa, tana kuma cikin ƙasashen farko da suka gwada kunna talabijin na makarantun ƙauye da hasken rana. Amma sola tana da halinta. Da rana rijiya ce, ɗebi iya son ranka. Da dare tulu ce, abin da ke cikin batir shi ke nan har gari ya waye, kuma duk tsotson da aka yi masa fiye da kima yana rage masa kwana.

A cikin irin wannan ƙasa kwamfuta ta sauka, ɗauke da al'adun inda aka haife ta. Tana da ma'adana biyu. Akwai ƙwaƙwalwar aiki, wadda ake kira RAM, mai sauri ainun amma mai mantuwa: wuta na yankewa, duk abin da ke cikinta ya bi iska. Akwai kuma faifai, wanda ya fi nawa, amma abin da aka rubuta a kansa yana nan ko an shekara babu wuta. A 1996 kamfanonin Intel da Microsoft da Toshiba suka fitar da tsarin ACPI, wanda ya jera matakan hutun na'ura. A matakin S3, wato barci, ana kashe fuskar da faifan da yawancin sassa, a bar wa ƙwaƙwalwar aiki 'yar wutar da za ta riƙe abin da ke cikinta. Ana ɗaga murfi, cikin daƙiƙa biyu ko uku aiki ya dawo inda aka tsaya. Garwashi ne a ƙarƙashin toka, da falalarsa da aibinsa. A matakin S4 kuwa, na'urar tana kwafe abin da ke cikin ƙwaƙwalwar ta rubuta a faifai, sannan ta mutu. In an kunna ta karanto shi, takardun da aka bari a buɗe su dawo a buɗe. Masu kwamfuta mai Faransanci suna ganinsa da sunan veille prolongée, 'yan Najeriya suna ce masa haibanet. Barcin rani ya fi dacewa da shi a Hausa, amma ba irin na gaiwa ba, wadda jikinta take ci a cikin taɓo. Irin na ƙwayar gero a rumbu. Mataki na S5 shi ne kashewa: a rufe komai, a manta komai, gobe a faro daga tushe.

To, wane ne aka sa a gaba? Barci. Rufe murfin kwamfutar tafi-da-gidanka, barci take yi, haka aka saita ta daga masana'anta. Dalilin yana cikin tarihinta. Lokacin da hukumar kare muhalli ta Amurka ta ƙaddamar da shirin Energy Star a 1992, damuwarta ofisoshin da ake barin kwamfutoci a kunne dare da rana ce, ana so a rage ɓarna ba tare da an ɓata wa ma'aikaci rai da jira ba. A ƙasar da soket bai saba yin ƙarya ba, barci ciniki ne mai riba: wat ɗaya kacal, ga sauri. Kawo lissafin Ollelewa ka gani. Batirin kwamfuta sabo fil yakan ɗauki abin da zai ba da wat ɗaya na tsawon awa 40 zuwa 60, barci kuma yakan ci kusan rabin wat zuwa wat ɗaya. Kwana biyu zuwa biyar ke nan, tulu ya bushe ba a rubuta harafi ɗaya ba. Yawancin kwamfutocin da ke yawo a ƙasashenmu kuwa na hannu ne, 'yan Kwatano, waɗanda batirinsu ya riga ya zubar da rabin ƙarfinsa a wata ƙasa. Ma'aikacin da ya rufe murfi ranar Juma'a da yamma ya dawo Litinin da safe ya bar ta fiye da awa 60 tana cin kanta. Ko dare ɗaya ma, awa goma a kan wat ɗaya ya isa ya cika ƙaramar salula mai maɓalli sau biyu da ɗoriya. Wanda ke biyan mai caji ya san darajar wannan.

Za a ce ai na'urar tana da wayo, in batir ya kusa ƙarewa tana farkawa ta shiga barcin rani da kanta. Gaskiya ne, haka aka tsara Windows. Amma dabarar ta rataya ne a kan batirin da ke faɗin gaskiya, tsohon batir kuwa maƙaryaci ne: yana nuna saura kashi 30 cikin ɗari sai ya ɗauke kamar an hure fitila, kafin na'urar ta sami damar rubuta komai. Ga kuma wani sabon salo da ya fara tun Windows 8 a 2012, wanda a yawancin sababbin kwamfutoci ya maye gurbin S3. A wannan salon na'urar ba ta barci sosai, gyangyaɗi take yi irin na salula, tana iya leƙa intanet ko ta ci gaba da wasu ayyuka a ɓoye. Ƙorafin da aka fi yi a kansa a duniya shi ne mutum ya zuge jaka ya tarar da kwamfuta ta yi zafi zau, batir ya ƙare. A ƙasar da zafin Afrilu da Mayu ke wuce digiri 40 a inuwa, a cikin jakar da ke ɗaure bayan babur a kan hanyar Belbeji, wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin babu abin da ke tsufar da batirin kwamfuta kamar zafi da barinsa ya ƙare ƙaf. Harajin nan biyu na garwashi, ci da haɗari, ga su sun dawo. Abin mamaki, a daidai wannan zamani ne aka cire barcin rani daga jerin zaɓin da ke bayyana in an danna maɓallin kashewa. Yana nan, amma sai an shiga saitin wuta an fito da shi.

Masu adawa da barcin rani suna da hujja biyu da suka cancanci amsa. Ta farko jinkiri: a tsohuwar na'ura mai faifai mai juyawa, farkawa kan kai minti guda. Haka ne, kuma shi ya sa wanda ya tashi sallah ko shan shayi bai kamata ya yi shi ba. Barci ya ishe shi, kamar yadda ba a kashe murhu tsakanin dafa miya da tuƙa tuwo. Maganar a kan dare ce, da ƙarshen mako, da tafiya. Ta biyu ita ce tsoron cewa yawan rubutu zai cinye sabon faifai irin na SSD, wanda ke da iyakar rubutun da yake ɗauka. A yi lissafi. Ko da na'ura tana rubuta gigabait 8 kullum, a shekara bai wuce terabait 3 ba, alhali matsakaicin faifai na yau masu ƙera shi sukan lamunce masa ɗaruruwan terabait, ƙananan cikinsu ma gommai masu yawa. Ƙura da zafi za su kashe na'urar tun faifan bai san an taɓa shi ba. Inda hujjar ke da ɗan ƙarfi shi ne wajen gurbi, domin ajiyar tana kama wuri a faifai daidai da wani kaso na girman ƙwaƙwalwar, abin da kan dami mai ƙaramin faifai.

Akwai kuma masu cewa yawan kashewa da kunnawa ne ke gajiyar da na'ura, su nuna manyan injuna da ba a kashewa. Matatar Bakin Birji ita ce misalinsu mafi kusa, kuma a kanta gaskiyarsu. Tukwanenta suna aiki ne da zafin ɗaruruwan digiri. Sanyaya su da sake ɗumama su aikin kwanaki ne, ƙarfe yana miƙewa yana tsukewa, kowace rana ta tsayuwa kuma dubban ganguna ne ba a tace ba. A 2015, da wata na'ura ta lalace matatar ta tsaya makonni, ƙasar ta ji a jikinta. Amma me ya sa barinta a kunne ya zama daidai? Saboda tayar da ita yana da tsada ƙwarai, makamashinta kuma yana ɓulɓulowa ta bututu har cikin gida. Kwamfutar da ke ofishin ƙauye akasin haka take ta kowace fuska: tayar da ita daƙiƙu ne, makamashinta kuwa ba shi da tabbas. Ƙa'ida ɗaya ce ta haifi hukunci biyu.

Saura mai cewa, in haka ne a kashe kawai mana, a huta. Wannan shi ne ra'ayin da ya fi kama da na dattawa, kuma sau da yawa shi ne daidai. Abin da yake mantawa shi ne darajar wurin tsayawa. Mai shigar da takardun haihuwa, ko mai haɗa rahoton wata na asibiti da shafuka goma a buɗe, in ya kashe sai ya sake buɗe kowanne gobe, yana ƙona minti biyar ko goma na batir da cikakken ƙarfi kafin ya koma inda yake. Barcin rani yana ba shi ribar kashewa ba tare da wannan asara ba. Su kansu masu Windows sun yarda da haka ta bayan gida: tun 2012, abin da suke kira kashewa ba cikakkiyar kashewa ba ce, sai dai in mutum ya sauya saitin. Ana rufe ayyukan mai amfani, amma zuciyar tsarin ana rubuta ta a faifai don a tashi da sauri. Sakamakonsa abin dariya ne: wanda kwamfutarsa ta rikice ya kashe ya kunna, yana iya tarar da rikicin yana jiransa, sake kunnawa ce ke wanke allon tas, don haka ya kamata a riƙa yin ta lokaci zuwa lokaci, musamman bayan an sabunta manhaja. Inda kashewa ba ta da abokin takara shi ne in za a ajiye na'ura makonni, ko za a buɗe cikinta, ko hadari ya haɗo. A nan ma maɓalli bai isa ba, sai an zare waya daga bango, domin tsawa da wutar da ke dawowa da ƙarfi bayan ɗaukewa ba su damu da matakin da na'ura take ciki ba. Kwamfutar tebur da ba ta da batir, wadda ke kan layin NIGELEC ko janareta, barci zalla a wurinta caca ce. Tun Windows Vista a 2007 aka yi mata haɗin gambiza, tana barci amma ta riga ta rubuta kwafi a faifai, kuma bai kamata a kashe mata wannan saiti ba.

Wani zai yi murmushi ya ce, kwamfuta nawa ce a Ollelewa da har za a yi mata wannan dogon zance? Kaɗan ne, kuma ƙarancin nasu shi ya sa zancen ya yi nauyi. Inda na'ura ɗaya ce ke riƙe da sunayen ɗalibai ko lissafin magunguna, mai gyara kuma yana Damagaram, rahoton da ya ɓace da batirin da ya mutu shekara guda kafin lokacinsa ba su da madadi a ɗaki na gaba. Yawancin irin waɗannan na'urori suna isowa ne a kwali daga wani shiri ko wata ƙungiya, a koya wa ma'aikaci shigar da bayanai, ba a taɓa saitin wuta ba. Gyaran kuwa bai kai dafa shayi ɗaukar lokaci ba. A fito da barcin rani cikin jerin zaɓi, a saita rufe murfi ya zama shi in na'ura tana kan batir, a ce in barci ya wuce awa ɗaya ko biyu ta zarce can da kanta, a kuma ɗaga matakin da take ɗauka a matsayin batir ya kusa ƙarewa, don tsohon batir kada ya riga ta. A gidan da ke kan sola akwai mataki ɗaya da ya fi waɗannan duka tasiri, kuma ba a cikin kwamfutar yake ba: inbatar da ke juya wutar batir ta zama irin ta bango tana cin wat da yawa ko babu abin da aka jona mata, sau da dama ninkin abin da kwamfuta mai barci ke ci, kuma ita ce aka fi mantawa a kunne in an kulle ofis.